An haifa mana jinjiri, an kasa gane mace ce ko namiji

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ku gafarce ni da shigowa da tsakar dare, barci ne ya ƙi zuwa. Matar ƙanena ta sauka ranar Talata, a gida, lafiya lau. Da ungozoma ta gama wanke jinjiri sai ta yi shiru, ta jawo ni gefe ta buɗe zanin. Wallahi ban san me zan ce ba. Akwai wani abu kamar gaban namiji amma ƙarami, ya lanƙwashe, kuma ba ta kansa fitsari ke fita ba, ta ƙasa ne. Fatar ƙasan ta yi duhu ta yamutse kamar ta maraina, amma an lalluba babu komai a ciki. Kakarsa ta ce namiji ne, a bar zancen. Gwaggonmu ta ce mace ce, a kira wanzami ya rage abin kamar yadda ake cire angurya. Suna saura kwana uku, an riga an sayi rago. Me za mu yi?

Likitan Yara: Wa alaikumus salam Yaya. Kafin komai, kada kowa ya kusanci yaron nan da aska. Na biyu, gobe da sassafe a kai shi asibitin koyarwa mafi kusa da ku, sashen jarirai, kada a jira suna. Yana kama nono sosai? Yana amai?

Maman Walida: Yana kamawa, amma tun jiya ya ɗan yi sanyi, yana yawan barci. Likita ka tsorata ni.

Likitan Yara: Gara in tsorata ki. A saman kowace ƙoda akwai ɗan ƙullutu da ke samar da sinadaran da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki. Akwai lalurar gado da ke hana shi wannan aikin, sai ya karkata yana zubo sinadarin maza da yawa tun jinjiri yana ciki. Idan 'ya mace ce, sai gabanta ya girma ya ɗauki kamar na namiji, alhali a ciki mahaifarta da ma'ajiyar ƙwanta suna nan daram. A duniya ana samun wannan a kusan haihuwa 1 cikin 15,000, kuma ita ce kan gaba a cikin dalilan da ke kawo abin da kika siffanta, musamman da kika ce ba a ji ƙwayayen maraina ba. Haɗarin ba a al'aurar yake ba. Tsakanin mako na ɗaya zuwa na uku gishirin jiki yakan zube, yaro ya fara amai, ya ƙi nono, ya yi laushi, in ba a kai ɗauki ba a rasa shi. Ba na cewa ita ce, sai an gwada jini an yi sikanin. Amma da ita ake fara zargi har sai gwaji ya wanke ta.

Hajiya Ungozoma: Shekara 27 ina karɓar haihuwa, sau uku na ga irin wannan. Abin da ke kashe su ɓoyo ne. Uwa ta naɗe yaro ta hana kowa yi masa wanka, wai kada maƙwabta su ji a ce ta haifi mata-maza. Ɗiyata, ki tsaya a kan maganar nan ko da kakar za ta yi fushi da ke.

Maman Walida: Innalillahi. Yanzu na tuna. Ɗansu na fari namiji ne, lafiyayye, kwana 16 ya yi ya fara amai ya rasu. Aka ce tamowa ce, wasu suka ce maita. Kuma auren zumunci ne, matar 'yar kawunmu ce.

Likitan Yara: Ki faɗa wa likitocin wannan tun kafin su tambaya. Namiji mai lalurar ba a ganin komai a jikinsa, shi ya sa yakan tafi ba a san dalili ba. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4.

Na Kwari: Allah ya ba shi lafiya. Amma ni fa ina da tambaya, kada a ce na cika tsiya. Duk wannan ba shi ne ƙofar da Turawa ke bi suna shigo mana da luwaɗi da daudu ba? Yau a ce ba mace ba ce ba namiji ba ne, gobe a ce kowa ya zaɓi abin da yake so. A zamanin kakanninmu ina aka ji wannan?

Malam Na Zaure: Alhaji, an ji, har an rubuta. Malaman fiƙihu suna kiransa khunsa, wanda aka kasa tantancewa kuma khunsa mushkil. Duk wanda ya sauke Mukhtasar na Shehu Khalil a zaure ya san da wannan mas'alar littafin ya rufe. An ce a duba ta inda yake fitsari, ko ta inda ya fi yawa ko ya riga fita, ko in gemu ya fito, ko nono, ko haila, ko maniyyi. In an samu ɗaya daga ciki, rikici ya kau. In ba a samu ba, a gado ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Marubucin a Masar ya rayu, a ƙarni na 14. Wane Bature ne ya koya masa? Halitta ce ta Ubangiji, babu zunubi a kan jinjirin, babu a kan uwarsa. Kuma jinkirta raɗin suna saboda lalura ba laifi ba ne.

Na Kwari: Allah gafarta Malam na karɓa. To 'yan daudu fa? Su ma halitta ce?

Ummi 'Yar Jami'a: Baba Alhaji, abu uku ka zuba a tukunya ɗaya. Akwai yadda jiki yake, wannan shi ne zancen jinjirin nan. Akwai yadda mutum yake jin kansa da yadda yake tafiyar da ɗabi'unsa, nan daudu ya shigo. Akwai kuma wanda zuciya ke sha'awa. Ba dole su tafi tare ba. A unguwarmu akwai ɗan daudu mai soya kaji, in yana magana sai ka rantse mace ce, amma matarsa ɗaya da 'ya'ya shida. Akwai kuma ƙato mai gemu da murya kamar ganga wanda maza yake nema, ba wanda zai taɓa zarginsa. Yawancin masu lalurar mata-maza kuwa ba ruwansu da ko ɗaya daga cikin biyun.

Likitan Yara: Ummi ta yi daidai. Bari in koma baya kaɗan. Har wajen mako na 6 na ciki, ɗan tayi namiji da mace iri ɗaya suke, tsoka ɗaya ce za ta zama ko maraina ko ma'ajiyar ƙwai. Kuromosom su ne zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, mace galibi XX take da su, namiji XY. A kan kuromosom ɗin Y akwai ƙwayar gado guda da ake kira SRY, a 1990 aka gano ta a Landan. Ita ke tayar da ginin maraina. Maraina su zubo testostiron, wato sinadarin maza, sannan jiki ya ji saƙon ya amsa. Matakai ne kamar ginin soro, kowane mataki yana iya samun tangarɗa. Akwai mai XY da jikinta ba ya jin testostiron kwata-kwata. A haife ta mace, ta girma mace, nono ya fito, sai dai al'ada ta ƙi zuwa, a duba a ga babu mahaifa. Na taɓa ganin wadda sai bayan aure da shekara huɗu ana yawon neman haihuwa aka gane. Mace ce a idon kowa da idon kanta, kuma mijinta take so.

Ta Maraɗi: Lokotoro, ni kam na taɓa jin wai yarinya ta koma namiji da ta balaga. Na ɗauka tatsuniya ce irin ta Gizo.

Likitan Yara: Yana faruwa Hajiya. Wanda aka fi sani a Jamhuriyar Dominika ne, wani ƙauye mai suna Salinas. Wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta wallafa bayaninsa a 1974. Yaran maza ne, XY, amma sun rasa sinadarin da ke ƙara wa testostiron ƙarfi a cikin ciki, sai a haife su da kamar mata, a ɗaura musu zane. Wajen shekara 12 murya ta buɗe, gaba ya girma, maraina su sauko. A rahoton da ta fitar daga baya, cikin 18 da aka rena a matsayin mata, 17 sun koma ɗaukar kansu maza. Abin mamaki, daga binciken nan aka samo dabarar haɗa maganin kumburin furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza, da na sanƙo.

Ummi 'Yar Jami'a: Labarin da ya fi tsaya min a rai a ajinmu shi ne na David Reimer. An haife shi a Kanada a 1965, tagwaye ne shi da ɗan uwansa. Wajen kaciya aka yi amfani da na'urar lantarki, ta ƙone masa gaba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Johns Hopkins, John Money, yana da ra'ayin cewa tarbiyya ce kaɗai ke sa yaro ya zama namiji ko mace, sai ya shawarci iyayen su mayar da shi mace. Aka cire maraina, aka sa masa suna Brenda, aka saya masa 'yar tsana. Shekaru ana yaɗa cewa gwajin ya yi nasara. Ashe yaron yana yage rigunan, yana fitsari a tsaye, 'yan makaranta suna tsokanarsa. Yana shekara 14 mahaifinsa ya faɗa masa gaskiya, nan take ya koma namiji. A 2004 ya kashe kansa. Duk lokacin da na ji an ce "ai a yanke kawai a huta, yaro bai san komai ba", shi nake tunawa.

Na Kwari: To ai kin kawo min hujja da kanki. Namiji namiji ne ko an ɗaura masa zane. Ke nan mai neman ɗan uwansa namiji shi ya ɗora wa kansa, ko ya koyo a makarantar kwana.

Ummi 'Yar Jami'a: Hujjar tana da kaifi biyu Baba. Idan shekara 14 na tarbiyya da tiyata sun kasa juya abin da ke cikin yaron nan, me ya sa muke ganin zango uku a makarantar kwana za su juya sha'awar mutum har abada? Ban musanta cewa ana lalata yara a wasu wurare ba, wannan zalunci ne, a hukunta mai yi. Amma aikatawa daban, inda zuciya ta karkata daban. Da yawa sun faɗa harkar a makaranta ko gidan yari, suna fitowa suka bar ta. Wasu kuma ba wanda ya taɓa su, amma tun suna 'yan shekara 11 ko 12 suka lura ba su jin abin da abokansu ke ji game da 'yan mata.

Na Kwari: Wato kina nufin a jini yake? Ai na ji an ce an gano ƙwayar.

Ummi 'Yar Jami'a: Ba a gano ba. A 1993 Dean Hamer ya ce ya ga alama a wani yanki na kuromosom ɗin X, jaridu suka yi ta kururuwa, amma waɗanda suka maimaita binciken sakamakonsu ya sha bamban. Babban bincike shi ne na 2019 a mujallar Science, mutum kusan 477,000, yawancinsu daga Birtaniya. Sun samu wurare biyar a ƙwayoyin gado masu alaƙa da abin, amma duka biyar ɗin tasirinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In an tattara dukan ƙwayoyin da suka auna, sun bayyana tsakanin kashi 8 zuwa 25. Ba wanda zai ɗebi jininka ya ce ga wanda kake sha'awa. Tagwaye ma sun nuna haka. Hassan da Hussaini na ƙwai ɗaya sun fi na ƙwai biyu dacewa a wannan, amma sau da yawa ɗaya yana da shi ɗaya ba shi da shi, alhali gadonsu ɗaya ne sak. Ke nan gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke riƙe da akalar ba.

Likitan Yara: Kuma in an ce sauran daga muhalli ne, kada a ɗauka abokai ko fim ake nufi kawai. Mahaifa ma muhalli ce. Ray Blanchard a Kanada ya nuna tun 1996 cewa kowane yaya namiji da uwa ta haifa kafin yaro yana ƙara yiwuwar yaron ya tashi da sha'awar maza da kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da take a da. An sake samun haka a ƙasashe da dama. Yayyen da aka yi riƙonsu tare ba uwa ɗaya ba, ba sa ƙara komai, na ciki ɗaya kuwa suna ƙarawa ko ba a tashi gida ɗaya ba. Shi ya sa ake zargin garkuwar jikin uwa ce ke tasiri a kan ɗan tayi namiji.

Ta Maraɗi: Wayyo ni, maza bakwai na jera! Autana fa?

Likitan Yara: Kwantar da hankalinki Hajiya. Ƙari ne a kan adadi ɗan ƙarami. Mafi yawan masu yayye maza, ko goma ne, mata suke so.

Mai Raguna: Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma kiwo na sani. Akwai ragon da za ka saya da tsada don barbara, ka sake shi cikin tumaki, ko kallo ba su ishe shi ba, 'yan uwansa raguna yake bi. Mun saba, sai mu ware shi mu yi masa turka don layya.

Ummi 'Yar Jami'a: An yi bincike a kan wannan a Amurka, Charles Roselli a Oregon. Kusan rago 8 cikin 100 haka suke, kuma an ga bambanci a wani ɗan gungu a can cikin ƙwaƙwalwarsu. Simon LeVay ya ba da rahoton makamancinsa a ƙwaƙwalwar mutane a 1991, sai dai gawa 41 kacal ya duba, da yawa ciwon sida ne ya kashe su, don haka an yi ta sukar aikin.

Malam Na Zaure: A nan zan taka burki. Rago ba mukallafi ba ne, ba a tambayarsa ranar gobe. Kasancewar abu yana cikin ɗabi'a ba ya halatta shi. Luwaɗi da maɗigo haramun ne a wurinmu, wannan babu saɓani. Sai dai abin da na sha faɗa wa ɗalibai: shari'a tana kama mutum da abin da ya aikata ne, ba da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa bai aikata ba. Kuma jifan mutum da wannan ba tare da hujja ba babban laifi ne. Yanzu yaro ya cika sanyin murya sai a laƙaba masa suna a unguwa, ya tashi da tabon har girma.

Ummi 'Yar Jami'a: Allah gafarta Malam ban ja da kai ba, kimiyya ba ta ba da fatawa. Aikinta ta ce ga yadda abu yake. Inda nake da magana shi ne abin da iyaye ke yi in sun yi zargi. Na san yaron da aka kai gidan mari, aka sa masa sasari wata biyar, ya dawo da tabo a ƙafa, ba ya iya haɗa ido da kowa. Turawa ma sun gwada nasu, har da jona lantarki da allurar sa amai. A 1957 Evelyn Hooker ta ba ƙwararru sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa na maza 60, rabi masu neman jinsi, suka kasa ware su. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya a 1990. Robert Spitzer, wanda ya wallafa a 2003 cewa wasu suna canzawa, shi da kansa ya janye ya nemi afuwa a 2012. Mutum yana iya kame kansa, wannan kam ana gani. Amma duka ba ya cire abin, baƙin ciki da tunanin kashe kai yake ƙarawa.

Na Kwari: Cirewar nan ta 1973 ai siyasa ce, zanga-zanga aka yi musu.

Ummi 'Yar Jami'a: An yi zanga-zanga, gaskiya ne. Shigar da shi jerin tun farko ma ba da wani gwaji aka yi ba.

Na Kwari: Ni dai ban gamsu ba. Kuma abin da ya fi damuna, wanda za a ɗaura masa aure don a rufa asiri, a cuci 'yar mutane. Ƙanwar matata shekara uku ta yi a irin wannan gidan, ana ta yi mata rubutu ana cewa ita ce ba ta iya gyara ba.

Hajiya Ungozoma: Wannan kam ka taɓo inda ke ciwo Alhaji. Su suke zuwa mana suna kuka a ɗakin awo, sun kashe kuɗi a kayan mata har sun gaji.

Shugaban Zaure: Jama'a mun yi nisa da jinjiri. Na goge saƙo biyu masu zagi, wanda ya sake zan fitar da shi. Maman Walida, ina labari?

Maman Walida: Ku yi haƙuri, tun jiya muna asibiti, caji ya ƙare. Likita Allah ya saka maka da alheri. Muna isa suka ɗebi jini, suka ce gishirin ya riga ya fara sauka, aka sa ruwa aka fara allura nan take. Sikanin ya nuna mahaifa. Sun ce alamu duka na mace ne, amma an tura jini don gwajin kuromosom, sai an jira. Yau ta kama nono da ƙarfi har uwar ta yi kuka. Wai magani za ta riƙa sha kullum har tsawon rai. Ina da tambaya amma ina jin nauyi. Da na karanta muhawarar ku sai gabana ya faɗi. In ta girma za ta yi aure? Za ta so namiji?

Likitan Yara: Alhamdulillahi. Ba abin jin nauyi ba ne Yaya. Mafi yawan 'yan mata masu wannan lalurar suna tashi suna jin kansu mata, mafi yawansu maza suke so, kuma da kulawa mai kyau wasu suna haihuwa. Ba zan ɓoye miki ba, bincike ya nuna sukan fi sauran yara mata son wasan maza, kuma ana samun masu sha'awar mata a cikinsu fiye da yadda ake samu a sauran jama'a. Ba wanda zai iya duba jinjirar kwana shida ya faɗa miki nata. In ta tashi tana son ƙwallo kada a dake ta. Abin da ke gabanku yanzu shi ne maganin nan kada ya yanke ko na kwana ɗaya, kuma duk ranar da ta yi zazzaɓi ko gudawa ana ƙara adadinsa, ku sa su rubuta muku yadda ake yi a takarda. Zancen tiyata kuma kada ku yi gaggawa, ku zauna da likitocin su yi muku bayani dalla-dalla.

Malam Na Zaure: Allah ya raya ta. Ku yanka ragon in sakamako ya fito, ba abin da ya ɓaci.

Maman Walida: Amin Malam. Kakar dai har yanzu ba ta yi min magana, ta ce na tona asirin gida. Mun ce wa 'yan barka jinjiri na kwalba ne saboda shawara. Ragon kuma yana nan ɗaure a tsakar gida, ya cinye min rabin buhun dusa. Mai Raguna, nawa ake sayar da harawa yanzu a wajenku?